Wayoyi a Cikin Tukunyar Tuwo

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ya bar ni ina neman gilashina alhali yana kan hancina, ba na jin zai iya kwashe min ranar da na zuba wayoyin 'yan mata a tukunyar tuwo na kifa murfi, da kuma abin da ya biyo bayanta. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na tuna sai dariya ta taso min tun daga ciki.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, kada ku ɗauka yarinya ce ke magana. A unguwar Gama aka haife ni, a gidan da ba a kai mata boko. Allo na yi da Islamiyya, kuma alhamdu lillahi. Aure ne ya kawo ni Nassarawa GRA, unguwar da katanga ta fi mutum tsawo, maƙwabcinka zai yi suna ba ka sani ba sai dai ka ga motoci sun cika layi. Ga wanda ya tashi a Gama, inda ko tari ka yi sai an yi maka sannu ta bayan katanga, wannan shirun ciwo ne. Yara suka girma suka kama gabansu, maigida yana wurin aiki, aka bar ni da bishiyoyin mangwaro da kajin da nake kiwo a bayan gida. Abin da ya ɗebe min kewa shi ne fina-finan Indiya na fassara, irin waɗanda mutum ɗaya zai yi muryar jarumi, ya yi ta jaruma, ya yi ta bos, wato mugun cikin fim, har ya tsaya ya yi wa mai kallo sharhi. Daga baya waya ta zo da 'yan barkwancinta gajeru-gajeru. Na kalla, na yi dariya har da hawaye, kuma ban zo nan don in ba kowa haƙuri a kan haka ba. Wanda bai taɓa wuni shi kaɗai a ƙaton gida ba, kada ya koya min yadda ake kashe kewa.

Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya ta mata a Giginyu. Na koyi riƙe biro da hannun da ya saba da muciya, na yi jarrabawa na faɗi, na sake na ci. Daga nan na samu gurbi a kwalejin horar da malamai, inda na zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Kowa a ajin Umma yake ce min.

Ranar da labarin ya shiga dangi, muna zaune a falo ana cin abincin Sallah. Yayar maigidana, wadda duk muke ce wa Yaya, ta ajiye cokali ta dube ni sama da ƙasa.

"Boko da furfura? Ke da kika ƙarar da ƙuruciyarki a gaban talabijin kina kallon rawar Indiyawa? To mu zuba ido. Kafin damina ta zagayo kin dawo kan kujerarki."

Ni kuwa Allah bai halicce ni da haɗiye magana ba. Na ce, "Yaya, ranar da na faɗi darasi ko da guda ɗaya ne, ni da ƙafata zan kawo miki littattafan har gida ki hura wuta da su, kuma ba zan sake taka ƙofar makarantar ba."

Maigida ya ɗago kai daga kwanonsa ya ce, "Hajiya, kin dai ji abin da bakinki ya faɗa."

Na ji mana. Magana zarar bunu ce, kuma a gaban dangi na zare ta.

Shekarar farko na lallaɓa na haye. A ta biyu ce na gamu da gamona: darasin ilimin halayyar ɗan Adam, wato yadda yaro ke koyon abu. Mai koyar da shi wata Dakta ce, mutuniyar Zariya, Kirista, siririya, ba ta ɗaga murya ba ta kuma fara'a. Da Turanci kawai take magana, har muna gardama ko tana jin Hausa. Dokarta guda ce kuma kowa ya san ta: wanda wayarsa ta yi ƙara a ajinta, ya tattara ya fita, makin ranar kuma ya tafi. Gwajin farko na sha ƙasa warwas. Kalmomin darasin dogaye ne kamar igiyar guga, in na kamo kan ɗaya kafin in kai ƙarshenta na manta farkonta. Abin da ya rage min shi ne aikin rukuni, wanda za a tsaya gaban aji a yi bayani, sannan babbar jarrabawa. In makin rukunin ya lalace, ko me na rubuta a jarrabawar ba zai fid da ni ba. Sai in kai wa Yaya makamashi.

Aka haɗa ni da 'yan mata huɗu. Biyu daga cikinsu ne za ku riƙe. Akwai wata 'yar Tudun Wada, doguwa mai surutu, wadda in ka ba ta waya za ta yanka bidiyo ta haɗa ta sa kiɗa kafin ka gama alwala, amma ban taɓa ganin ta buɗe littafi ba. Akwai kuma wata mai gilashi, shiru-shiru, Turanci a bakinta kamar ruwa, sai dai tsoron jama'a ya hana ta ɗaga murya. Batun da aka ba mu shi ne yadda sabo ke zama koyo: labarin wani Bature da ya yi gwaji da kare da ƙararrawa, da wani da ya sa ɓera a akwati, in ya danna wani ƙarfe sai abinci ya faɗo masa.

Na ce su zo gidana ranar Asabar da hantsi. Na dafa musu dambu da zogale, na haɗa zoɓo mai sanyi. Ko zama ba su yi ba 'yar Tudun Wada ta ce, "Umma, a ba mu lambar intanet ɗin gidan mana, don bincike."

Na ba su. Kuskuren kenan. Aka ci aka sha, aka baje a kan kafet, kowace ta sunkuyar da kai. Wannan tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai, waccan tana miƙa wa ta kusa da ita tana cewa, "Ke kalli wannan, wallahi sai cikinki ya ƙulle." Mai gilashi tana karanta mana littafi da 'yar muryarta, babu mai jin ta. Har aka kira azahar ba mu wuce shafin farko ba.

Bayan mun idar da salla na shiga kicin na ɗauko babbar tukunyar da nake tuwon Sallah da ita, na dire ta a tsakiyar falo.

"Kowace ta jefa wayarta a nan."

"Haba Umma! Saƙo fa nake jira."

"Ko daga fadar shugaban ƙasa ne. Ku in kun faɗi, baɗi ku maimaita, iyayenku su yi faɗa su huce. Ni in na faɗi, shi kenan an rufe babina. Ku jefa, ko in jefa muku."

Suka jefa suna ƙunƙuni. 'Yar Tudun Wada ta ce, "To taki fa, Umma? Ai adalci a fara da babba." Na ce ta yi gaskiya. Na zaro tawa daga jaka na ɗora a kan nasu, na kifa murfi.

Mai gilashi ta ci gaba da karatu, tana yi tana ɗan juya mana da Hausa. Wai shi Baturen, duk sanda zai ba karen nama sai ya kaɗa ƙararrawa. Yau da gobe, yau da gobe, har ta kai in ya kaɗa ƙararrawar kawai, babu nama babu ƙashi, sai miyaun karen ya tsinke. Tana cikin faɗin haka, sai wata waya ta yi ƙara a cikin tukunyar, 'yar ƙarar nan ta shigowar saƙo. Tukunya kuwa ta amsa kamar ganga.

Kawunan nan huɗu suka juya a tare. Hannun ɗaya har ya kai kan murfi. Na buɗe baki zan yi musu tsawa, sai na ga ashe ni ma na ɗago daga kujera, don lokacin ne ake sako sabon kashi na wani shirin barkwanci da nake bi. Babu wadda ta san ko wayar wace ce. Babu wadda ta ga saƙon. Amma dukkanmu miyau ya tsinke.

Dariya ta ƙwace min har na koma na zauna daɓas.

"Umma, lafiya?"

Na ce, "'Yan nan, ai mu ne karen! Ga ƙararrawa a tukunya, ga mu nan muna dalalar da miyau!"

Wallahi a wannan lokacin ne darasin ya shiga kaina. Makonni ina haddar kalmomi kamar mai cin tuwo ba miya, ashe abin a cikin jakata yake kwana. Na ja su zuwa bayan gida na ɗauki kwanon da nake zuba wa kaji tsaba, babu ko ƙwaya a ciki, na ƙwanƙwasa shi da dutse. Kajin nan suka taho a guje har suna tuntuɓe, zakara a gaba. Daɗi ya kama ni, ban san sanda bakina ya koma irin na masu fassara ba.

"To jama'a, ga jarumi nan ya taho, tun jiya bai karya ba! Ga kuma bos ta riƙe kwano. Kai, wannan bos ɗin ba ta da imani! Jarumi ya ce, ke tsohuwa, ina tsabar? Bos ta ce, babu tsaba yau, gwaji muke yi. Jarumi ya ce, to me ya kawo ni? Bos ta ce, sabo ne ya kawo ka, ɗan nema!"

'Yan matan suka zube a ƙasa. 'Yar Tudun Wada tana share hawaye ta ce, "Umma, don Allah ki bar ni in ɗauko waya ɗaya tak. Wannan fim ne. Wallahi in muka haɗa shi, ko a kabari aka tashe ni zan ba da amsar kare da ƙararrawa."

Na yarda, amma da sharaɗi. Duk wurin da aka yi dariya, sai an tsaya mai gilashi ta faɗi abin da Turancin littafi, kowace ta maimaita, har ni. Haka muka yi ta haɗuwa har kusan mako biyu. Su suka gyara min harshe, suna sa ni nanata dogayen kalmomin nan har suka daina sarƙe min. Ni kuma na ba su labari da za su rataya kalmomin a jiki. Da aka zo kan ɓera, muka samo kwalin firji, ƙaramar cikinsu ta shiga ciki, muka soka muciya ta gefe. In ta danna muciyar sai a jefa mata alawar madara ta sama. Ana cikin haka maigida ya dawo, ya tsaya da jakarsa a hannu yana kallon yarinya a kwali tana tauna.

"Hajiya, wannan kuma shi ne karatun?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji. Wuce ciki, kana shiga mana hoto."

Matsala ɗaya ta rage, kuma babba ce. Fim ɗin a waya yake, da Hausa yake, za mu kuma kai shi gaban matar da ta tsani waya a ajinta. Mai gilashi ta ce mu haƙura mu karanta daga takarda kamar kowa. Na ce in muka karanta daga takarda, muryarta ba za ta wuce benci na biyu ba, ni kuma harshena zai harɗe, mu tashi da makin da ba zai ishe ni ba. Muka yi shawara, kowace ta amince, aka bar min neman izini tunda ni ce mai furfura.

Ranar gabatar da aikin da safe ajin ya cika maƙil. Rukunoni suka yi ta fitowa suna karanta takarda, rabin aji na hamma. Da aka kira mu na tako gaban teburin Dakta. Na ce mata da Turancina muna roƙon ta bar mu mu haɗa waya da majigi.

Ta cire gilashi ta dube ni. "Kin san dokata."

"Na sani, Dakta. Shi ya sa na zo ta ƙofa, ban haura katanga ba."

Ta mayar da gilashinta. Sannan ta ce, "Ku kunna. In shirme na gani, ku duka biyar ba ku da maki."

'Yar Tudun Wada ta haɗa wayar da majigi da lasifika. Zakarana ya bayyana a jikin bango, ƙato kamar rago, muryata ta cika ɗakin. Kafin jarumi ya gama tambayar ina tsabar, ajin ya kece. Da aka zo kan yarinya a kwali, wasu har buga benci suke yi. Ni dai Dakta nake kallo ta wutsiyar ido. Fuskar nan kamar an sassaƙa ta da dutse. Ana tsakiyar fim ɗin ta ɗaga hannu, aka tsayar.

Ta ce, "Kun ba su dariya. Ni ba dariya nake ba wa maki ba. Ku jeru."

Muka jeru. Ta fara da 'yar Tudun Wada, don ta san ta sarai. Yarinyar nan da ba ta taɓa amsa tambaya a aji ba ta zuba bayani tiryan-tiryan, har tana nunawa da hannu inda zakara ya tsaya. Mai gilashi ta amsa tata, kuma yau har na baya sun ji muryarta. Sauran biyun ma suka haye. Saura ni.

"Ke kuma, ba ni misali ɗaya. Wanda babu shi a littafi, babu shi a fim ɗinku. Kuma da Turanci."

Kaina ya yi fayau. Kare na littafi ne, ɓera na littafi ne, kaji na fim ne. Ido ya yi min yawa. Wallahi a wannan tsayuwar na hango murhun Yaya, na hango littattafaina suna ci da wuta tana gyara su da tsinke. Sai idona ya faɗa kan wayar da ke kan tebur, har yanzu a haɗe take da lasifika. Na tuna tukunyata.

Na raɗa wa 'yar Tudun Wada ta nemo min ƙarar shigowar saƙo ta riƙe yatsa a kai. Na juya na fuskanci ajin, na tambaye su da ƙarfi ko wayar kowa a kashe take. Suka amsa baki ɗaya, a kashe. Wa zai bar tasa a kunne a ajin Dakta? Na ce to madalla. Na ɗan ja lokaci kamar mai tunani, na gyara mayafi, na bari hankalinsu ya tafi wani wuri. Sannan na taka ƙafar yarinyar.

Ƙarar ta fito ta lasifika, 'yar siririya.

Ku zo ku ga hannaye! Wannan ya dafe aljihu, waccan ta wawuri jaka, wani a baya har ya zabura ya miƙe yana laluben wando. Mutanen da yanzun nan suka rantse wayoyinsu a kashe suke.

Na nuna su da yatsa. Da Turancina na makarantar manya, a hankali, kalma bayan kalma, na ce ga ƙararrawa, kun ji ta. Naman shi ne saƙon masoyi da bidiyon dariya da kuka saba samu a bayanta. Yau babu nama, amma ga miyau nan a hannuwanku. Na kira kowane da dogon sunansa na littafi, kuma ko ɗaya bai sarƙe min ba.

Na juyo wurin Dakta. Ita ba ni take kallo ba. Hannunta take kallo, wanda ke kan zip ɗin jakarta. Ta ɗaga shi sama a hankali yadda kowa zai gani, sannan ta ce, da Hausa tsantsa irin ta Zazzagawa, "To, har da ni, Umma."

Sai ta yi dariya. Dakta ta yi dariya, har da dafe tebur! Ajin ya ɗauki tafi da ihu kamar rufin zai yaye. 'Yan matana suka rungume ni, mai gilashi tana kuka tana dariya. Da aka lafa Dakta ta ce a kunna sauran fim ɗin, tana so ta ga ƙarshen ɓeran nan.

Rukuninmu ne ya fi kowa maki. Na shiga babbar jarrabawa da ƙarfin gwiwa na ci darasin, ba da ƙyar ba, ci mai kyau. Na gama kwalejin ban faɗi ko ɗaya ba, kuma yau ina da ajina na 'yan firamare.

Fim ɗin kuwa ya fita daga hannunmu, ya yi ta yawo a wayoyin mutane har ya isa zauren matan danginmu. A wajen wani biki Yaya ta kamo mayafina ta ja ni gefe.

"Ke, wai da gaske muryarki ce a bidiyon zakaran nan? Na kalla ban san sau nawa ba. Wurin da yake cewa ke tsohuwa ina tsabar, wallahi har ƙwarewa na yi."

Na ce, "Ni ce, Yaya. Kallon rawar Indiyawan ne ya yi rana. Sai dai ki sa a sayo miki itace, don littattafaina ba za su zo ba."

Ta kai min duka a kafaɗa tana dariya ta ce, "Ja'ira. Allah ya ƙara basira."

Abin da wannan al'amari ya koya min shi ne, abin da ya ɗebe maka kewa ba abin kunya ba ne, kuma babu sanin da ke zama asara, ko da a gaban talabijin ka tsince shi. Amma ka san wa ke riƙe da ƙararrawar. In wayar ce ke kaɗa maka, za ka ƙare rayuwa kana gudu zuwa kwanon da babu tsaba. Ni ban daina kallo ba, kuma ba ni da niyyar dainawa. Sai dai har gobe, in zan shirya darasin yarana, tukunyar tuwon nan nake saukewa in jefa wayar in kifa murfi. Ta yi ta kiran ta a ciki. In na gama, ni zan buɗe, in haɗa shayina, in miƙe ƙafa, in yi dariyata son raina.